Robert Smalls: Bawan da Ya Ƙi Tsira Shi Kaɗai

Da asubar ranar 13 ga Mayu, 1862, wani jirgin ruwa mai suna Planter ya tashi daga tashar birnin Charleston, a jihar Karolina ta Kudu da ke Amurka. Ana tsakiyar yaƙin basasa a lokacin. Jirgin yana yi wa sojojin 'yan aware aiki, tutarsu ce ke kaɗawa a samansa, bindigoginsu ne kuma a cikinsa. Masu gadi sun hango mutum a ɗakin tuƙi sanye da rigar kyaftin da malafarsa, suka bar shi ya wuce kamar yadda suka saba. Amma kyaftin ɗin a cikin gari ya kwana. Wanda ya sa malafar bawa ne ɗan shekara 23, sunansa Robert Smalls. Kafin hantsi ya dubi ludayi, shi da matarsa da 'ya'yansu, da abokan aikinsa da iyalansu, mutum 16 gaba ɗaya, sun fita daga bauta.

Akan ba da wannan labari don a nuna jarumta, jarumtar kuwa tana nan. Amma akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko. Robert ya san kowane lungu na wannan ruwa. Da kansa kawai yake son ceta, ƙaramin kwalekwale da dare mai duhu sun ishe shi. Ya ɗauki babban jirgi mai ƙara da hayaƙi, ya bi da shi ta gaban bakin igwa, domin ba zai tafi ya bar mata da jarirai a baya ba. Wannan hali ya bi shi har ƙarshen ransa.

Ƙuruciyarsa a Beaufort

An haifi Robert ranar 5 ga Afrilu, 1839, a garin Beaufort, a wani ɗan ɗaki da ke bayan gidan ubangidansu Henry McKee, mai lamba 511 a titin Prince. Mahaifiyarsa, Lydia Polite, baiwa ce mai aikin cikin gida. Mutanensu su ne ake kira Gullah, jikokin waɗanda aka kamo daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya aka sa su noman shinkafa da auduga a tsibiran wannan gaɓa. Dokar wurin ta ce ɗa yana bin uwa. Idan uwa baiwa ce, abin da ta haifa dukiyar ubangidanta ne, kamar yadda ɗan akuya yake na mai akuya.

Robert ya tashi da ɗan gata a gidan McKee, domin ubangidan yana sonsa. Wannan gata bai kwantar wa Lydia da hankali ba. Ita a gona ta girma, ta san abin da ake yi wa bayi a can. Sai ta nemi a kai yaron gona ya ga yadda 'yan'uwansa suke aiki da yadda suke kwana, ta kuma sa ya ga inda ake ɗaure bayi ana yi musu bulala. Abin ya shige shi sosai, har ya fara taurin kai yana shiga hannun hukuma. Uwar ta ji tsoron abin da zai same shi, ta roƙi McKee ya tura shi aiki a birni.

Makaranta kuwa babu ita. Tun 1740 dokar Karolina ta Kudu ta hana a koya wa bawa rubutu, a 1834 aka ƙara da hana karatu. Yaron ya tashi bai iya karanta sunansa ba, balle Littafi Mai Tsarki. Duk abin da ya sani, da ido da kunne ya koye shi.

A bakin tashar Charleston

A 1851, yana ɗan shekara 12, aka kai shi Charleston. Al'ada ce a lokacin ubangida ya ba da bawansa haya. Bawa ya yi aikin, ubangida ya karɓi kuɗin, a bar wa bawa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Robert ya yi hidima a otel, ya yi aikin kunna fitilun titi, daga baya ya gangara bakin tasha. Ya fara da dako, ya koyi ɗaura igiyoyin jirgi da ɗinkin filafilai, har aka danƙa masa sitiyari. Gaɓar wannan jiha cike take da rafuka da tudun yashi a ƙarƙashin ruwa, teku kuma tana cika tana janyewa sau biyu a kowace rana. Wanda bai san hanya ba, jirginsa zai kafe. Robert ya haddace su duka. Aikin jagoran jirgi yake yi, amma ba a ba bawa wannan suna, sai dai a ce da shi mai riƙon sitiyari.

Ranar 24 ga Disamba, 1856, a jajibirin Kirsimeti, ya auri Hannah Jones, baiwa mai aiki a otel. Ta girme shi, tana kuma da 'ya'ya mata biyu kafin su haɗu. Sai da iyayengijinsu suka yarda kafin su zauna ɗaki ɗaya, domin doka ba ta san auren bayi ba. Sun haifi Elizabeth a Fabrairun 1858, suka haifi Robert ƙarami a 1861. Yaran ba na ubansu ba ne a gaban doka, na ubangidan Hannah ne, Samuel Kingman. Ranar da bashi ya kama Kingman, ko ya ga kasuwa ta yi kyau, yana iya sayar da uwa gabas ya sayar da 'ya yamma, babu kotun da za ta saurari mijin.

Robert ya je ya tambayi kuɗin fansar matarsa da 'yarsa. Aka yanka masa dala 800. Ya shiga tari da ɗan abin da ake bar masa, amma bayan duk wahalar dala 100 kawai ya haɗa. A haka, sai tsufa ya zo bai biya ba.

Yaƙi ya ɓarke

A Nuwamba 1860 aka zaɓi Abraham Lincoln shugaban Amurka. Jam'iyyarsa ba ta yarda bauta ta yaɗu zuwa sababbin yankuna ba, masu bayi na kudancin ƙasar kuwa suka ga dukiyarsu tana cikin haɗari. Karolina ta Kudu ce ta fara ɓallewa daga Tarayya, ranar 20 ga Disamba, 1860, daga baya jihohin da suka ɓalle suka kai 11. Ranar 12 ga Afrilu, 1861, 'yan aware suka buɗe wuta a kan Sumter, wani sansanin soja da aka gina a tsakiyar ruwa a bakin mashigar Charleston. A nan yaƙin ya soma. Gwamnatin Tarayya ta jera jiragen yaƙinta a teku ta datse tashoshin 'yan aware, don kada auduga ta fita ko makamai su shigo.

A ƙarshen 1861 Robert yana riƙe da sitiyarin Planter. Jirgi ne mai aiki da tururi, tsawonsa ƙafa 147, an ƙera shi don dakon auduga, kuma yana iya shiga ruwa marar zurfi. 'Yan aware suka ɗauke shi haya suka ɗora masa igwa biyu. Yana kai sojoji da wasiƙu da kaya daga sansani zuwa sansani, ana kuma dasa nakiyoyi a ruwa da shi. Turawa uku ne ke shugabancinsa, Kyaftin Charles Relyea da mataimakinsa da injiniya. Sauran ma'aikatan duk bayi ne. Ta wannan aiki Robert ya san inda kowace nakiya take, ya san sansanin da ke da sojoji da wanda aka kwashe, ya kuma san irin jiniyar da jirgi ke busawa kafin a bar shi ya wuce.

Ranar 7 ga Nuwamba, 1861, jiragen Tarayya suka ci Port Royal, kusa da Beaufort. Masu gonaki suka gudu suka bar bayi wajen 10,000 a tsibiran. Lydia tana cikin waɗanda aka bari, babu sauran mai iko da ita. Ɗanta kuwa yana Charleston, kuma daga saman Planter yakan hango jiragen Tarayya can a teku, tazarar kimanin mil 7.

Daren 12 ga Mayu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jirgi mai tururi yana bukatar mai hura wuta, da mai kula da inji, da masu kwance igiya. Tun a watan Afrilun 1862 Robert ya fara shawara da abokan aikinsa a asirce, ban da mutum ɗaya da ba su amince da shi ba. Ya gaya wa Hannah, ta yarda ta bi shi da yaran ko da mutuwa ce a gaba. Dukansu sun san hukuncin bawan da aka kama ya saci jirgin soja, saboda haka suka ƙulla cewa ba za a kama su da rai ba.

Abu biyu suka dogara da su. Na farko, dokar soja ta ce shugabannin jirgi su kwana a cikinsa, amma Relyea da mutanensa sun saba tafiya gida su bar bayi da jirgin. Bai taɓa zuwa musu a rai cewa bayi za su iya tuƙa shi su kaɗai ba. Na biyu, Robert da Relyea jikinsu ya yi kama, dukansu gajeru ne masu kauri. A cikin duhu, daga nesa, malafa da riga sun isa.

Ranar 12 ga Mayu, Planter ya je tsibirin Coles ya ɗauko manyan bindigogin igwa 4 da za a kai wani sansani washegari. Da yamma aka ɗaure shi a matsayar da ke ƙasan hedkwatar Janar Roswell Ripley, kwamandan yankin, inda masu gadi ke kai da komo. Turawan uku suka sauka suka tafi gida. Matan ma'aikata suka zo jirgin kamar masu ziyara, a nan aka faɗa wa waɗanda ba su sani ba. Wasu suka firgita suka fashe da kuka, sai da aka lallashe su. Kafin lokacin da ake hana bayi yawo, wasu daga cikin mazan suka raka mata da yara kamar za su kai su gida, sai suka zagaya da su wata matsaya da ke gaba a bakin kogi, suka ɓoye su a cikin wani jirgi da ke ɗaure a can.

Wajen ƙarfe 3 na dare aka hura wuta. Hayaƙi ya tashi, inji ya fara ƙara, masu gadi suna gani suna ji. Sun ɗauka jirgin zai yi sammako ne da kayan da aka loda masa. Robert ya sa rigar kyaftin da malafarsa, ya sa aka ɗaga tutar 'yan aware da ta jiha. Teku tana can a gefe guda, amma ya juya jirgin zuwa ɗaya gefen, ya je ya kwashi mata da yara tukuna. Kowane minti da ya kashe a wannan zagaye yana kawo wayewar gari kusa, da zarar haske ya fito kuma malafa ba za ta ɓoye baƙar fuska ba.

Ta gaban bakin igwa

Tsakanin birnin da teku akwai sansanoni biyar, kowanne yana iya nutsar da jirgin katako irin Planter. Robert bai yi gudu ba. Ya riƙe tafiyar da jirgin ya saba yi, ya tsaya yadda Relyea ke tsayawa, yana busa jiniya a inda ake busawa. Suka wuce Johnson lafiya. Mata da yara suna can ƙasa, jariri kuma yana iya yin kuka a kowane lokaci.

Saura Sumter, wanda ya fi duka ƙarfi, hanyar jirage kuwa ta gindin ganuwarsa ta bi. Wasu daga cikin ma'aikatan suka roƙe shi ya ɗan nisanta. Ya ƙi, domin jirgin da ya kauce wa hanyar da ya saba shi ne mai gadi zai zuba wa ido. Jim kaɗan bayan ƙarfe 4 suka iso gindin sansanin. Robert ya ja igiyar jiniya, dogon busa biyu da gajere ɗaya. Aka yi shiru na ɗan lokaci, sannan aka ba su alamar wucewa. Da suka yi nisa, maimakon su karkata zuwa tsibirin Morris kamar yadda jiragen 'yan aware ke yi, sai suka miƙe teku da dukan ƙarfin inji. Kafin sojojin Sumter su gane, jirgin ya fita daga inda harsashinsu ke kaiwa.

Haɗari na biyu yana gaba. Jiragen Tarayya suna jiran duk abin da ya fito daga Charleston su harbe shi. Ma'aikatan suka sauke tutocin 'yan aware da sauri, suka ɗaga farin zanen gado da Hannah ta zo da shi. Gari bai gama wayewa ba. Jirgin Tarayya mai suna Onward ya hango su, ya juya bindigoginsa, saura kaɗan a ba da umarnin harbi sai wani ya ga farin ƙyalle yana kaɗawa. Kwamandan Onward, John Nickels, ya hau Planter bai sami Bature ko ɗaya ba. Ya tarar da maza da mata da yara sun fito sarari, wasu suna rawa, wasu suna waƙa, wasu suna kallon Sumter a bayansu.

Abin da ya kawo

Aka kai jirgin Port Royal wurin Samuel Du Pont, babban kwamandan jiragen Tarayya a wannan gaɓa. Ban da jirgi da bindigogi, Robert ya kawo littafin alamun sirri na 'yan aware da bayanin inda nakiyoyi suke. Ya kuma shaida musu an kwashe sojoji daga tsibirin Coles. Ranar 20 ga Mayu sojojin Tarayya suka kama tsibirin ba tare da faɗa ba. Majalisar dokoki ta yanke a ba ma'aikatan rabin kuɗin jirgin. An yi masa kuɗi ƙasa da darajarsa ƙwarai, rabon Robert ya zo dala 1,500. A Beaufort ya sake haɗuwa da mahaifiyarsa, ya kai mata jikokinta.

Jaridu suka ɗauki labarin ko'ina. A lokacin ana gardama mai zafi ko baƙar fata zai iya aikin soja, ga kuwa bawa ya fito da jirgin janar ta gaban sansanoni biyar. A Agustan 1862 Robert ya tafi Washington tare da Mansfield French, wani fasto na Methodist da ke hidima a cikin 'yantattun Port Royal, don su roƙi Lincoln da sakataren yaƙi Edwin Stanton a ɗauki baƙaƙe soja. Stanton ya sa hannu a takardar izinin ɗaukar har mutum 5,000 a Port Royal. Kafin yaƙin ya ƙare, baƙaƙe wajen 180,000 sun yi aiki a rundunar ƙasa ta Tarayya.

Ya koma cikin wuta

Mutumin da ya sami 'yanci da kuɗi da suna yana iya kwashe iyalinsa ya tafi inda babu yaƙi. Robert ya koma ruwan Charleston, inda 'yan aware ke nemansa ruwa a jallo, domin miliyoyin mutanensa suna cikin bauta har yanzu. Ya zama jagoran jiragen Tarayya a hanyoyin da ya sani. Ranar 7 ga Afrilu, 1863, shi ne ya ja Keokuk, jirgi mai sulken ƙarfe, a harin da aka kai Sumter. An sami jirgin da harsashi wajen sau 90, ya nutse washegari bayan an kwashe mutanensa. A wannan shekara ce kuma ciwon agana ya ɗauke ɗansa Robert ƙarami, jaririn da aka fito da shi daga Charleston a daren nan.

Ranar 1 ga Disamba, 1863, yana tuƙa Planter a wani rafi kusa da tsibirin Folly sai bindigogin 'yan aware suka rufe su da wuta. Kyaftin ɗin, wani Bature mai suna Nickerson, ya tsorata ya gudu ya ɓuya a ma'ajiyar kwal. Robert ya san idan aka miƙa wuya za a riƙe Turawa a matsayin fursunonin yaƙi, baƙaƙen ma'aikata kuwa kisa ko bauta ke jiransu. Ya karɓi ragamar jirgin ya fitar da shi. Saboda haka aka naɗa shi kyaftin na jirgin da ya taɓa yi wa bauta.

A 1864 ya kai Planter gyara Filadelfiya. A watannin da ya yi a can ya ɗauki malamai suka koya masa karatu da rubutu, yana da shekara 25. A can ne kuma wata rana aka ce ya tashi daga kujerarsa a taragon haya saboda launin fatarsa. Ya gwammace ya sauka ya taka da ƙafa. Labarin ya tayar da ƙura a birnin, ya ƙara wa masu neman gyara ƙarfi, har a 1867 jihar ta hana wariya a taragun haya. Charleston ta faɗi a Fabrairun 1865. Ranar 14 ga Afrilu aka yi bikin mayar da tutar Tarayya a Sumter, Robert ya zo da Planter cike da 'yantattun bayi. A Disamban wannan shekara aka soke bauta a dukan Amurka.

Gidan ubangida

Gwamnati ta ƙwace gidajen Beaufort da masu su suka gudu ba su biya haraji ba, ta yi gwanjonsu. Robert ya sayi gida mai lamba 511 a titin Prince, gidan da aka haife shi a bayansa. Lydia, wadda ta yi shekaru tana share ɗakunan, ta zauna a ciki har ƙarshen ranta. Wanda ya mallaki gidan bayan McKee ya kai ƙara yana neman a mayar masa, shari'ar ta kai har Kotun Ƙoli, Robert ya yi nasara.

Yaƙi ya karya arzikin gidan McKee. Bayan rasuwar Henry McKee, matarsa Jane ta tsufa ba ta da ƙarfi. Robert ya buɗe mata ƙofa ta dawo tsohon gidanta ta zauna kafin rasuwarta. Matar mutumin da ya ci guminsa tun yana ɗan shekara 12 ce, babu kuma dokar da ta tilasta masa. Wanda ya san labarin Yusufu da 'yan'uwansa a Masar zai gane irin wannan zuciya.

Makaranta da majalisa

Robert bai manta da dokar da ta hana shi karatu ba. Ya sayi bene a Beaufort aka mayar da shi makarantar 'ya'yan baƙaƙe. A 1868 yana cikin wakilan da suka rubuta sabon tsarin mulkin jihar, ya kuma tsaya tsayin daka a kan ilimi kyauta kuma dole ga kowane yaro, baƙi da fari. Ya shiga majalisar wakilan jihar a 1868, ya koma ta dattawa a 1870. A 1874 aka zaɓe shi zuwa majalisar wakilan Tarayya, inda ya yi zango biyar tsakanin 1875 da 1887.

Waɗannan shekaru ba su zo da sauƙi ba. Tsofaffin masu bayi sun ƙudura sai sun karɓe mulki. A zaɓen 1876 ƙungiyoyinsu masu ɗauke da makamai suka riƙa tarwatsa tarurruka suna kashe baƙaƙe masu jefa ƙuri'a, a 1877 kuma gwamnatin Tarayya ta janye hannunta daga kare su. A wannan shekara sabuwar gwamnatin jihar ta tuhumi Robert da karɓar cin hanci na dala 5,000, kotu ta same shi da laifi. Ya musanta, ya ɗaukaka ƙara. A 1879 aka yafe masa a wata yarjejeniya da ta sa aka janye tuhumar maguɗin zaɓe da ake yi wa wasu abokan hamayyarsa. Mutanen Beaufort suka ci gaba da ba shi ƙuri'arsu.

A 1895 aka kira taron sake tsarin mulkin jihar, Benjamin Tillman yana gaba, manufar kuwa a raba baƙaƙe da ƙuri'a ta hanyar haraji da jarrabawar karatu. Baƙaƙe 6 ne kawai a cikin wakilan, Robert yana cikinsu. Sun yi magana, sun yi rubutu a jarida don ƙasa ta ji, amma aka rinjaye su. Da idonsa ya ga an rushe yawancin abin da ya taimaka aka gina, bai kuwa bar garinsa ba. Ya yi kusan shekara 20 yana shugaban kwastan na tashar Beaufort, har zuwa 1913. A wannan shekara, yana tsoho mai ciwo, ya ji taron 'yan ɗaukar doka a hannu na shirin kashe wasu baƙaƙe biyu da ake zargi da kisa. Ya matsa wa magajin gari lamba da kashedi mai tsanani, har hukuma ta tashi ta tare taron.

Ƙarshen tafiya

Hannah ta rasu a 1883. A 1890 ya auri Annie Wigg, malamar makaranta, suka haifi ɗa guda kafin ita ma ta rasu a 1895. Robert ya rasu ranar 23 ga Fabrairu, 1915, yana da shekara 75, bayan fama da zazzaɓin cizon sauro da ciwon sukari. Ɗan ikkilisiyar Baptist ne, an kuma binne shi a harabar majami'ar Tabernacle Baptist a Beaufort, tafiyar 'yan mintoci daga titin Prince. A 2023 rundunar ruwan Amurka ta sa wa ɗaya daga cikin jiragen yaƙinta sunansa.

Idan mai karatu ya sake duba rayuwar nan, zai ga abu ɗaya yana ta dawowa. Shekara goma sha ɗaya Robert ya yi yana koyon aiki da kyau a hannun mutanen da ba su biyansa, ranar da dama ta zo kuma wannan sani ne ya zama hanyar fita. Da hanyar ta buɗe, sai da ya koma ya ɗauko mata da yara. Da ya tsira, ya koma yaƙi saboda waɗanda ba su tsira ba. Da ya koyi karatu a shekara 25, ya nema wa 'ya'yan wasu makaranta. Da ya sami gida, ya ba tsohuwar uwargidansa ɗaki a ciki. Yawancinmu ba za mu taɓa tuƙa jirgi ta gaban igwa ba, amma kowannenmu yana da wata ƙofa da ta buɗe masa, ta ilimi ko sana'a ko muƙami. Yana da kyau mutum ya tsaya ya tambayi kansa su wane ne ke jira a matsayar da ke bayansa, da ko ya yarda ya ɓata lokaci ya juya ya ɗauko su.